Dogo Huɗu a Bakin Ƙorama

Ranar Laraba da hantsi babbar motar ta iso Tungar Ɗorawa, tana tangaɗi a kan hanyar da ta ɓullo daga Gwashi, ta ja ta tsaya a bakin ƙorama. Aka yaye tamfol, aka kwashe buhunan ƙaiƙayin da aka jera a sama, sannan ƙarti goma sha biyu suka zamo da ƙarafa huɗu ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Direban ko ruwa bai tsaya sha ba, ya juya kan mota ya koma Gummi inda ya fito.

Ƙarafan dogo ne, irin waɗanda jirgin ƙasa ke tafiya a kansu. Yawancin waɗanda suka taru suna kallo ba su taɓa sa jirgin ƙasa a ido ba, domin dogo bai taɓa leƙo wannan yanki ba. Daga Gusau ya miƙe arewa ya ƙare a Ƙaura Namoda, ya bar Anka da Bukkuyum da Gummi da jin labari. Mutum ɗaya ne a duk tungar ya san ƙarfen nan ciki da bai, saboda haka aka aika a kira shi.

Sunansa Magaji. Yana saurayi ya tafi Gusau cin rani a shekarar babban fari, ya faɗa cikin leburorin gyaran dogo, bai fito ba sai bayan shekara talatin da ɗaya. Ya bar aiki yana helma, da mutum takwas a ƙarƙashinsa, da mil shida na layi tsakanin Gusau da Ƙaura waɗanda ya taka da ƙafa har ya san kowane noti. Da ya dawo gida ya koma noma da gwiwoyin da aiki ya riga ya cinye, mutane suna kiransa Magaji Reluwe.

Abin da ya sa aka sayo ƙarafan ba ɓoyayye ba ne. Ƙoramar ta raba tungar da gonakinta da maƙabartarta. Da rani yashi ce kawai, akuya ma takawa take yi ta wuce. Da damina kuwa, in an yi ruwa a tudu, takan cika ta wuni ba mai ƙetarewa. Daminar bara ta tafi da mutum biyu da babur ɗinsu. A cikin wannan daminar ce kuma Maimunatu, matar Magaji, ta rasu da safe bayan an kwana ana ruwa. Aka yi mata wanka da sutura, aka sallace ta, sannan aka ajiye makara a gindin ɗorawa ana jiran ruwa ya janye. Bai janye ba sai la'asar sakaliya. Magaji ya wuni zaune kusa da makarar yana korar ƙuda da reshe. Bayan girbi aka yi karo-karo, aka ɗora wa Abdussalam, mijin 'yarsa Zaliha, nauyin nemo abin da za a yi gada da shi. Shi ya samo wani Sagir mai sayar da tsofaffin ƙarafa a Gummi, wanda ya rantse masa cewa ƙarafan na wani mataccen layi ne a bayan tsohon siton auduga, an yi gwanjonsu tun da daɗewa.

Magaji ya iso yana dogara sanda, aka dare masa hanya. Lirwanu taubashinsa, wanda suka yi kiwo tare suna yara kuma har yau bai daina tsokanarsa ba, yana zaune a kan ɗaya daga cikin ƙarafan kamar wanda ya hau doki.

"Ga mai jirgi nan," in ji Lirwanu. "Shekara da shekaru kana cika mu da labari, yau mun kawo maka shi har gida. Saura tarago da direba."

"Tashi kar ka lanƙwasa shi," in ji Magaji. "Kai da iyakar abin da ka taɓa hawa amalanken taki."

Aka yi dariya. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen farko ya shafa shi daga wannan kai zuwa wancan. Kafin ya kai tsakiya dariyar ta bar fuskarsa. Ƙarfen mataccen layi, wanda tarago ke shiga sau ɗaya a wata, tsatsa ke cin sa ko'ina daidai, kansa kuma yana nan da faɗinsa. Wannan ba haka yake ba. Gefensa ɗaya ya zaizaye ya yi gangare, irin zaizayar da ƙafar jirgi ke yi wa ƙarfen waje a kan kwana, inda nauyi ke jingina shekara bayan shekara. Kai ɗaya an yanke shi da wutar walda, har yanzu bakin yankan da shuɗi-shuɗinsa. Ɗaya kan kuwa yana da hudojin noti kamar yadda aka saba.

A ƙarfe na uku ya tsaya. Inda ya kamata a ga huda biyu, uku ne, biyu daga ciki sun ci juna kamar ƙwayar gyaɗa biyu a ɓawo ɗaya.

Shi ya yi wannan huda. A shekararsa ta biyu a aiki ruwa ya kwashe wani yanki na layi a inda suke kira Kwanar Tsamiya, aka kawo sabon ƙarfe, aka miƙa masa abin huda na hannu. Ya auna daga kan da bai kamata ba, ya yi sa'a guda yana murzawa cikin rana, da aka zo sa noti sai aka ga ya kauce da faɗin babban yatsa. Ba wani ƙarfen a kusa, ga jirgi yana jira a Gusau. Helmansu na lokacin, wani Bazazzagi mai kaifin harshe, ya sa shi ya sake wata hudar a gefen ta farko, ya kuma shekara yana kiransa Huda Biyu. Ƙarfen ya zauna a nan. Shekara ashirin da tara Magaji yana wucewa ta kansa, duk wucewa sai ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya ji ko ya tsage. Bai taɓa tsagewa ba.

Mutane suka tambaye shi ko ƙarfen na da kyau. Ya ce yana da kyau, ko mota zai ɗauka balle babur da makara. Wannan gaskiya ce, ita kaɗai ya faɗa a bakin ƙorama.

Bayan azahar ya aika a kira Abdussalam. Surukin ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya tsuguna can gefe yana kallon tabarma. Magaji ya gaya masa abin da ya gani, bai rage ba. Ya ce ƙarafan ba na mataccen layi ba ne, daga babban layi aka yanko su, kuma ya san daidai inda aka yanko.

Abdussalam ya saurara har ya gama. Sannan ya ce, "Baba, jirgin nan shina tahiya?"

Magaji ya ce ya daɗe bai bi ba. Amma da ma ya taɓa ɗaukewa, aka gyara layin, ya dawo ya yi 'yan tafiye-tafiye kafin ya sake tsayawa, kuma ba a rasa jin maganar dawowarsa a rediyo. Ya ce a Kwanar Tsamiya layin ya ratsa ta cikin tudu ne yana gangara, direban da ya taso daga Gusau ba ya hango gabansa fiye da taku ɗari. Wanda bai san an cire ƙarfe a wurin ba, sai dai ya ji shi a ƙasa.

Abdussalam bai ɗaga murya ba, bai kuma ɗaga kai ba, amma ya faɗi nasa duka. Ya ce wanda ya yanka ya riga ya yanka, su a kasuwa suka iske abin. In an mayar wa Sagir, ba Gusau zai kai su ba, masu haƙar zinari zai sayar wa su sassare su yi kayan fasa dutse. In kuma aka kai magana ga hukuma, za a zo a kwashe ƙarafan, a haɗa da wanda hannunsa ke ciki, shi ne kuwa na farko. Ga damina saura sati shida, kuma ba gidan da za a sake shiga a ce a kawo wani abu.

"Ni ban ce ba laifi ba, Baba," in ji shi. "Amma ku gaya mani wanda za shi amfana in munka bar su."

Magaji ya sallame shi.

Da yamma Zaliha ta kawo masa tuwo, kamar yadda take yi tun rasuwar mahaifiyarta. Mijinta ya riga ya gaya mata. Ta ajiye kwano, ta zauna a bakin ƙofa tana gyaran zare a gefen zanenta. Ta ce ita ba ta san komai game da jirgi ba, ta dai san cewa tana ƙarama sau biyu a shekara take ganin ubanta, kuma tun da ya dawo ba ta ga wanda ya taso daga reluwe ya zo ya tambayi lafiyar gwiwarsa ba. Ta ce Inna ta wuni a gindin ɗorawa, ita kuma tana cikin gida tana jin maza suna cewa a ƙara jira. Daga nan ta ɗauki kwanon jiya ta tafi.

Kwana huɗu Magaji yana juya maganar. Ya tambayi liman a kaikaice, ba tare da ambaton ƙarfe ba. Liman ya ce kayan sata ba ya halatta ga wanda ya sani, amma wanda ya saya bai sani ba hukuncinsa daban, kuma lalura tana da nata babi. Ya faɗi haka yana kallon ƙetaren ƙorama, inda tasa gonar take. Magaji ya yi godiya ya tashi da damuwarsa kamar yadda ya zo da ita.

Abin da ya fi damunsa fuskoki ne. A zamaninsa jirgin yakan taso daga Zariya, ya tsaya Funtuwa, ya tsaya Tsafe, ya shigo Gusau, sannan ya ƙarasa Ƙaura inda dogo ya ƙare. Tsofaffin da ya tarar a aiki sun ce don gyaɗa da auduga da fatu Turawa suka shimfiɗa shi, mutane daga baya suka shigo. Shi ya tarar da shi cike da mutane. 'Yan Anka da Gummi sukan kwana biyu a bayan babbar mota don su riske shi a Gusau, da fatake masu ƙirgi, da mata masu busasshen kifi, da 'yan makaranta da akwatunan ƙarfe. Ana ta cewa za a ja layin ya wuce yamma, har aka gaji da faɗa. Shi kansa sau biyu kawai ya taɓa shiga tarago a matsayin fasinja. Aikinsa shi ne in ya ji ƙarfe ya fara rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya janye mutanensa gefe, su tsaya da sifana da diga a hannu suna kallon tagogi suna wucewa. Wani na barci, wata na ba ɗa nono, wani ya wurgo ɓawon rake. Ba wanda ya san sunansa a cikinsu, ba wanda ya san cewa barcin da yake yi a kan notin da wani ya ɗaure da safe yake yin sa. Magaji ya ɗauka wannan wani haƙƙi ne da ke wuyansa, kuma bai ga inda takardar barin aiki ta sauke masa shi ba.

Amma waɗannan fuskoki na da ne, na gaba kuwa ba a san ko za su zo ba. Mutanen Tungar Ɗorawa suna nan, ya san su da sunayensu, ya san waɗanda za su ƙetare ruwa da yara a wuya nan da sati shida. Ya auna ta nan, ya auna ta can, bai ga wadda ta rinjaya ba. Abu ɗaya kawai ya gane, bai san abin da ke Kwanar Tsamiya yanzu ba. Wataƙila an kwashe layin duka, itatuwa sun tsiro, magana ta mutu da kanta. Ya tarar da kansa yana fatan haka, ya kuma ji kunyar fatan.

Ranar Litinin ya ce zai je Gusau a duba masa gwiwa. Ɗan kabu-kabu ya fitar da shi bakin titi, ya sami mota zuwa Anka. A Anka suka zauna har rana ta take ana jiran motoci su taru, don ba mai bin hanyar shi kaɗai yanzu saboda 'yan bindiga. An tsayar da su a shinge ya fi sau goma. Ya isa Gusau da la'asar ƙafafunsa sun kumbura, ya kwana a masallacin tashar mota. Da safe ya ɗauki wani kabu-kabun ya bi da shi hanyar Ƙaura har inda titi ya rabu da dogo, sauran ya taka da ƙafa.

Layin yana nan. Tsatsa ta hau shi, geza ta matso, amma yana nan a miƙe, kuma wani ya sassabe ciyawar da ke tsakani ba da daɗewa ba. Ƙafafunsa suka koma tsohon takunsu ba tare da ya umarce su ba, gajere-gajere daidai tazarar ƙarafan gicciye da dogo ke kwance a kansu. Ya shiga cikin tudun, ya sha kwana. Tsamiyar an sare ta, kututture ya rage. Gaba kaɗan ƙarfe ya ƙare. Biyu ta dama, biyu ta hagu, gicciyen sun rage tsirara kamar haƙarƙarin saniya, daga can kuma layi ya ci gaba lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Ya durƙusa a gaɓa ta gaba. An zuba wa notinta baƙin mai don ya yi laushi. Masu yankan za su dawo.

Wani manomi da ke sharar gona a gefen tudun ya zo suka gaisa. Ya ce da rana tsaka mutanen suka zo da mota da riguna masu ƙyalli, suka ce ma'aikata ne, wa zai tambaye su? Ya ce kafin nan, watan da ya wuce, wata 'yar kura mai inji ta bi ta kan layin da mutum huɗu suna aune-aune, sun ma sayi rogo a wurinsa, sun ce za su sake biyowa.

Magaji ya zauna a kan kututturen ya huta. Layin bai mutu ba ke nan, bai kuma rayu ba, kamar yadda ya bar shi a ransa. Ya roƙi manomin jajayen tsummoki biyu daga cikin waɗanda yake ɗaurawa don korar tsuntsaye. Ya koma baya taku ɗari shida, ya kafa reshe a tsakiyar layi ya ɗaura ɗaya, ya tokare da duwatsu. Ya dawo ya wuce giɓin ya yi wani ɗari shidan ya kafa na biyu. Kafin ya gama rana ta yi tsaka, gwiwarsa ta hagu ta ƙi lanƙwasuwa.

Tashar jirgi ta Gusau shiru, awaki na kwance a inuwar dandamali. A wani ofis ya sami mutum ɗaya mai furfura tsilli-tsilli, ya ce sunansa Haris. Da ya ji Magaji tsohon helma ne sai ya miƙe ya ba shi kujera, ya kawo ruwa, ya ce mahaifinsa ma a nan ya yi aiki har ya rasu. Magaji ya faɗa masa mil da lambar turken da ke kusa, da ƙarfe nawa aka cire, da man da aka zuba wa notin gaba, da tsummokin da ya kafa. Haris ya rubuta duka, ya ce yau ɗin nan zai sanar, kuma ba kurar da za ta fita sai an san da wannan. Ya yi godiya ƙwarai. Sannan ya tambayi cikakken suna da gari.

Tun daga Anka Magaji ya shirya abin da zai ce. Zai ce shi mutumin Ƙaura ne, kewar tsohon wurin aiki ta sa ya fito yawo ya ci karo da giɓin. Ya maimaita ta a mota har ta zauna a bakinsa. Da lokacin ya zo sai ya ji kansa yana cewa Magaji Umaru, Tungar Ɗorawa, ƙasar Bukkuyum.

Haris ya ɗaga biro daga takarda.

"Bukkuyum? Baba, daga can ka taso?"

"Daga can."

"To wa ya gaya maka an cire ƙarfe a nan?"

"Ba wanda ya gaya mani. Ƙarfen na gani, na gane shi."

"A ina ka gan shi?"

Magaji ya sha ruwan da ya rage a kofi, ya ajiye.

"Ka tambaye ni, ban amsa ba. Rubuta haka."

Haris ya dube shi. Ya ce ai ya riga ya faɗi garinsu. Magaji ya ce ya sani. Haris ya ce shi ba zai ƙara komai ba, ba zai kuma rage ba, abin da ya ji zai rubuta, inda takardar za ta je da abin da za a yi da ita ba a hannunsa yake ba. Mai yiwuwa a zo sati mai zuwa, mai yiwuwa ba za a taɓa zuwa ba.

"To ka ƙara layi ɗaya," in ji Magaji. "Duk abin da anka iske an yi da ƙarhen, ni na ce a yi. Ni na san abin da shike, sauran ba su sani ba."

Bai san zai faɗi haka ba sai da ya faɗa. Ba duka ne gaskiya ba, tunda Abdussalam ya sani, liman ma ya gane. Ya lura da wannan yana fita daga tashar, ya ga cewa ya taso tun daga Bukkuyum yana gudun ƙarya ɗaya ya ƙare da wata. Bai koma ya gyara ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, a ƙofar masallacin tunga, ya gaya wa dattawa inda ya je da abin da ya faɗa. Ba wanda ya katse shi. Da ya gama wani ya yi salati a hankali, wani ya tashi ya sa takalmi ya tafi. Lirwanu, wanda bai taɓa barin magana ta wuce ba tare da ya sa mata dariya ba, ya zauna yana karce ƙasa da tsinke.

"Ka tahi ka nuna masu ƙofar gida," in ji shi. "Don jirgin da ba shi zuwa."

"Na nuna masu tawa."

"Taka da tamu ƙofa guda ce, Magaji. Ko ka manta a tunga kake?"

Abdussalam ya kawo shawarar a binne ƙarafan cikin yashin ƙorama har ƙura ta lafa. Magaji ya ce ba lokaci, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, in ruwan farko ya sauka a kansu sai baɗi. Ya ce in za a zo, gara a tarar da gada mutane suna bi, shi kuma yana zaune a bakinta, ba sai an neme shi ba. Gobe bayan sallar Juma'a za a fara haƙa ginshiƙi. Wanda ya ji tsoro ya zauna gida, ba zai riƙe shi a rai ba.

Kusan rabi suka zauna gida. Zaliha ta ci gaba da kawo tuwo, amma takan ajiye ta juya ba tare da ta zauna ba. Abdussalam ya zo aiki kullum, yana gaishe shi a tsugune kamar da, bai ƙara kalma ɗaya a kan gaisuwa ba.

Kwana goma sha ɗaya suka yi suna haƙa da jera dutse da zuba siminti a gaɓa biyu. Magaji yana zaune a kan turmi da aka kifa masa, yana nuna wa da sanda. Ya sa aka rushe wani sashe aka sake don ya karkata, aka yi gunaguni, aka sake. Ranar ɗora ƙarfe ya sa aka yanko sanduna masu kauri, aka ɗaura igiya a wuri shida, mutum biyu-biyu suka sa kafaɗa. Ya koya musu kada kowa ya ɗaga sai ya ji kira, kada kowa ya sauke sai ya ji kira, wanda ya yi gaban kansa shi zai karya ƙafar ɗan'uwansa. Lirwanu ya zo a ranar, bai ɗauki sanda ba, ya tsaya yana riƙe da tulun ruwa.

Na farko ya hau. Na biyu ya hau. Sun sa kafaɗa a na uku ke nan sai aka ji ƙugin mota daga hanyar Gwashi. Mutum goma sha biyu suka tsaya a sunkuye da sanduna a wuya suna kallon ƙurar da ke tasowa bayan itatuwa. Magaji ya dafa sanda ya miƙe, ya gyara hularsa, ya taka zuwa bakin hanya ya tsaya shi kaɗai.

Farar mota ce mai buɗaɗɗen baya, cike da buhunan dutse da samari masu haƙar zinari a kai. Ta rage gudu, direban ya leƙo ya dubi ƙarafan, ya dubi tsohon, ya ɗaga hannu ya wuce.

Magaji ya tsaya har ƙurar ta kwanta. Ya dawo a hankali, yana jan ƙafar hagu, bai dubi fuskar kowa ba, su ma ba su dubi tasa ba. Bai koma kan turmin ba, don ya san in ya zauna yanzu tashi zai yi wuya. Ya ce wa na gaba su matsa da igiyarsu taki ɗaya, gefen da ya zaizaye ya kalli ciki. Ya jira kowa ya daidaita kafaɗa, ya ja numfashi, ya yi kira.